Tambaya da Amsa: Wane suna za mu sa wa shafin kowace fitowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni da abokaina biyu muka buɗe wiki (rumbun shafukan intanet da mutane ke haɗuwa su rubuta) a dandalin Fandom dan mu adana tarihin mujallar Fim, akwai tsofaffin kwafi cike da kwali a ɗakin yayana tun na 1999 wasu har gara ta fara taɓa su. Toh matsalar kowa da yadda yake sa wa shafi suna, ni wata da shekara nake rubutawa, ɗaya lamba yake sawa, ɗayan kuma sunan jarumar da ke bango, jiya sai muka tarar fitowa ɗaya tana da shafi har uku. Kuma in an sa # sai abin ya ƙi. Dan Allah a raba mana gardama. Ƙaninka daga Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, sannunku da ƙoƙari. Kafin komai a ɗaga kwalin nan daga ƙasa tukun, gara ba ta jiran a gama gardama.

Gaskiya mai lamba shi ne da gaskiya, sai dai ka yi haƙuri. Wata yana ba da wahala, mujalla takan haɗe wata biyu a fitowa ɗaya ko ta makara, sannan mu kanmu ba mu daidaita kan rubutun watannin ba, kai ka rubuta Afrilu abokinka ya rubuta Afirilu, wani Fabrairu wani Faburairu, kwamfuta kuwa ba ruwanta harafi ɗaya ya bambanta shikenan ta ɗauka shafi biyu ne. Sunan jaruma kam ba a ma magana, in ta hau bango sau bakwai ya za ku yi? Ku rubuta Fim 12, Fim 13 kawai. Wadda bangonta ya yage ba a ga lamba ba sai ku sa shekara da wata da alƙalumma, kamar Fim 2001-05, kafin a gano.

Shi kuma # ɗin ba laifin wayarka ba ne. Fandom a kan manhajar MediaWiki yake tafiya irin ta Wikipedia, a wajenta duk abin da ya biyo bayan # sashe ne a cikin shafi ba suna ba, in ka rubuta Fim #12 babban shafin Fim za ta kai ka. Shi ya sa masu Marvel Database, wiki na mujallun zane na kamfanin Marvel, suke rubuta Amazing Spider-Man Vol 1 300 ba alamar komai, Vol ɗin (wato zubi na nawa) kuma dole ce ta sa, dan a 1999 kamfanin ya koma ƙirga daga 1, a 2003 kuma ya dawo tsohon lissafi a kan 500. Ka ga rigima.

Wanda ya fi burge ni ma na mujallar Doctor Who ne a Ingila, ta fara a 1979 da sunan Doctor Who Weekly tana fita mako-mako, a 1980 ta koma wata-wata, suna ya yi ta canzawa amma masoyanta suka tsaya kan DWM (Doctor Who Magazine a taƙaice), DWM 1, DWM 2 har sama da 500, ko a jikinsu.

Abu ɗaya da zai ba ku haushi nan gaba, a jerin rukuni sau da yawa za ka ga 10 da 100 sun sha gaban 2 saboda harafi-harafi ake bi, kar ku taɓa sunan shafin, ku sa DEFAULTSORT (umarnin da ke tsara jerin) a ciki da lamba mai sifili kamar 002.

Shafukan nan uku kuwa ba sai an goge ba, a kwashe bayanan a zuba a mai lamba, sauran biyun a mai da su masu tura mutum can da #REDIRECT, kai ka samu watanka shi ma mai jaruma ya huce. In akwai fitowar farko ta Maris 1999 a kwalin dan Allah turo min hoton bangon, nawa aro aka yi tun ina gwauro har yau shiru.