Ƙanena, “ina” ɗinmu ce ke ɗaukar kaya biyu

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin ka fara shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don neman gurbin digiri na biyu a nan Ingila. Ka ce malaminku ya cika takardarka da jan biro a kan simple present da present continuous, dokar kuwa ka haddace ta, amma da zarar ka buɗe baki sai ta kuɓuce maka. Kwantar da hankalinka. Ba kanka ne ya toshe ba, Hausar da ka sha a nono ce take aikinta.

Duba yadda muke magana. Ina cin abinci. Ina aiki a asibiti. Ina son shayi. Ina da mota. Da “ina” ɗaya muka sallami duka huɗun. Bature kuwa ya raba su gida biyu. Abin da ke gudana yanzu haka, ko wanda ake yi na ɗan lokaci, shi ke ɗaukar am, is ko are tare da -ing, wato present continuous: “I am eating.” Abin da ya zama ɗabi'a, sana'a ko tabbatacciyar gaskiya kuma sai a bar aikatau tsurarsa, wato simple present: “I work in a hospital.” Mu kuwa tun a firamare muka riƙe cewa “ina” ita ce “I am”, shi ya sa harshe ke zamewa can ko da ba wurinta ba ne.

A asibitin unguwarmu na Landan abin ya zauna mini sosai, makon da na je yin rajista. Ma'aikaciyar jinya tana duban kwamfuta ta jefo mini tambayoyi biyu a jere: “Do you smoke?” sai kuma “Are you taking any medication?” Ta farko halina take nema, ko ni mashayin taba ne. Ta biyu kuwa kwanakin nan take nufi, ko akwai maganin da nake kan sha. A Hausa “kana shan” za mu ce a duka biyun. Tun ranar na daina ɗaukar wannan darasi abin aji kawai, domin a gaban likita amsar da ta karkace tana iya shiga takardar lafiyar mutum.

Haka “What do you do?” da “What are you doing?” suke. Ta farko sana'arka ake tambaya, ta biyu abin da ke hannunka a lokacin. Na taɓa tsayawa kusa da wani sabon ɗalibi ɗan gida bayan sallar Juma'a, wani dattijo injiniya ya yi masa ta farko, shi kuma ya ce abokinsa yake jira. Dattijon ya yi murmushi ya wuce. Abin ya dame ni, domin yaron ma injiniyanci ya zo karantawa, kuma da hirar ta ƙullu da ya samu mai yi masa jagora.

Ga dabarar da ta taimake ni. Duk jimlar da za ta karɓi “nakan” ko “kullum”, simple present ce: nakan tashi da asuba, “I wake up at dawn.” Wadda ta karɓi “yanzu haka” ko “a kwanakin nan”, present continuous ce. Shi ya sa “I live in Kano” ke nuna can ne gidanka, “I am staying with my uncle” kuma ke nuna zaman wucin gadi ne.

Inda za ka fi sa ido shi ne kalmomin sani, so da mallaka: know, understand, want, believe, own. Waɗannan ba su saba ɗaukar -ing ba. Biyun farko ma Hausa ta rage maka wahala, tunda “na sani” da “na gane” muke cewa. Tarkon yana wajen “ina so”, “ina da” da “ina ji”. “I am having two brothers” kuskure ne, “I have two brothers” ake cewa. Amma “I am having lunch” daidai ne, don a nan have ci take nufi, ba mallaka ba. Sai kuma “ina zuwa” da muke faɗa in za mu ɗan fita mu dawo. Ka ce wa Bature “I am coming” kana juya masa baya, zai tsaya yana kallonka. “I'll be right back” yake jira.

Kada ka manta da -s ɗin he, she da it: “She teaches.” Ƙarama ce, amma kunnen mai jarrabawa ba ya barinta ta wuce.

Sashen magana na IELTS minti 11 ne zuwa 14, kuma nahawu ɗaya ne cikin ma'auni huɗu da ake ba da maki a kansu. Tambayoyin farko kan kasance a kan gida, aiki ko karatu, wato filin simple present ke nan tun kafin ka gama zama. Saboda haka daga gobe, bayan asuba, ɗauki wayarka ka naɗi muryarka minti biyu. Minti na farko faɗi abin da kakan yi kullum, na biyu leƙa tsakar gida ka faɗi abin da kowa ke yi a lokacin, Inna tana hura wuta, yara suna shirin makaranta. Turo mini ta WhatsApp, zan saurara a jirgin ƙasa kan hanyar aiki in gyara maka. Ka gaishe mini da su Inna da kyau.