Filin Tambaya da Amsa: Allura Ta Daddage Bakin Mazaunin Harsashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar bindigar wasanni mai lasisi, ƙirar .22, wadda ake ja mata sakata da hannu. Kwana biyun nan harsashi ba ya shiga sai na tura da ƙarfi, bayan harbi kuma kwanson ya maƙale. Na saba danna kunama babu harsashi don gwajin hannu. Wani ya ce in sa magagari in goge wajen. Ya kuka gani? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye magagarin nan tukuna.

Harsashin .22 ba shi da hula a tsakiyar gindi irin ta manyan harsasai. Sinadarin da ke tayar da albarushi yana cikin leɓen da ya zagaye gindin kwanson ne, shi ya sa allura, wato ɗan ƙarfen da ke bugun harsashi don ya tashi, ke bugun gefe. Tana matse leɓen tagullar a jikin bakin mazaunin harsashi, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututu, kamar guduma da maƙera. Kaurin leɓen bai wuce milimita 1.1 ba. In babu harsashi, babu abin da zai tare allurar, kuma a yawancin tsofaffin bindigogi sai ta zarce ta sari ƙarfen bututun. Allura ta fi bututu tauri. Bugu ɗaya ba ya yin komai, amma yau da gobe sai wajen ya lotsa, ƙarfen da ya tashi daga lotsin ya tunkuɗo cikin ramin ya zama ɗan tsiro. Tsiron nan ne ke tare harsashi wajen shiga, shi ne kuma ke riƙe kwanso bayan ya kumbura da harbi.

Kafin komai ka tabbatar ciwon ke nan. Cire gidan harsashi, wato ma'ajiyar da ake jera harsasai a ciki, buɗe sakata, duba da ido ka taɓa da yatsa cewa babu komai a ciki. Sannan ɗauki kwanson da ya maƙale: in ka ga doguwar ƙarzuwa mai sheƙi ta miƙe a jikinsa, daidai saitin tabon allura, to tsiro ne. In babu ita, mai yiwuwa dauɗa ce kawai. Wanda ke harba gajeren .22, mai kwanson milimita 10.7, a mazaunin dogon, mai milimita 15.6, yakan tara zoben baƙin toka a ciki, kuma alamominsu iri ɗaya ne. Burushin tagulla da man wanke bindiga sun ishe shi.

In tsiro ne, ga dalilin da ya sa muka hana ka magagari. Ƙarfen bai tafi ko'ina ba, gusawa ya yi daga mazauninsa. In ka goge shi, harsashi zai shiga lafiya, amma lotsin yana nan har abada, leɓe kuma ya rasa abin da zai jingina da shi a daidai inda allura ke bugu. Daga nan sai ka fara jin "ƙas" babu tashi. Banda haka, magagari a rami mai faɗin da bai kai milimita 6 ba ba ya cin tsiro kaɗai, sai ya haɗa da bango.

Abin da ake so shi ne a mayar da ƙarfen inda ya fito. Akwai kayan aiki na musamman don haka, wanda ya fi shahara a Amurka shi ne na Menck, da kamfanin Brownells ya daɗe yana sayarwa a baya. Ɗan sandan ƙarfe ne mai tauri, sumul, mai ɗan tsukewa zuwa gaba, an shafe gefe guda nasa ya zama bai ɗaya. Ba ya yanka, dannawa yake yi.

Za a cire sakata, a ɗaure bindigar ta yadda ba za ta motsa ba, a wanke mazaunin tas, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga tsakanin ƙarfe biyu za ta bar zane. A shafa giris a sandan da bakin ramin. A zura shi shafaffen gefen yana fuskantar tsiron, don ya wuce ba tare da ya taɓa shi ba, har a ji ya zauna. Sai a murɗa a hankali da hannu, zagayayyen gefen ya hau kan tsiron ya danna shi waje. A dawo da shi yadda ya shiga, a zare, a goge, a gwada da harsashin gwaji marar albarushi. In bai shiga da kansa ba, a ƙara zura sandan kaɗan a maimaita. Ba a buga shi da guduma, ba a kuma sa shi a injin huda.

Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Tunda sandan tsukakke ne, in aka tura shi fiye da kima zai buɗa bakin ramin gaba ɗaya, kwanso ya riƙa kumbura kusa da gindi, wani lokaci ya tsage ya feso iskar wuta baya wajen fuska. A kula musamman da tsagin da ƙugiyar zaro kwanso ke shiga, bangon wajen siriri ne ƙwarai. Da zarar harsashin gwaji ya faɗa ciki da nauyin kansa, ya kuma fito da ɗan taɓin farce, an gama. Ragowar kaifi ne kaɗai ake shafewa da kayan gyaran mazauni na .22, juyi ɗaya ko biyu da hannu. Harsashi mai rai ba ya shiga wajen aiki, sai a filin harbi, da tabarau na kariya.

Idan lotsin ya yi zurfi har bayan gyara bindiga na ƙin tashi, aikin ya wuce na tebur: ko a cike wajen da walda mai laushi a sake fiƙe shi, ko a rage gindin bututun a sake yanka mazauni, ko a sauya bututun. A Najeriya ma Dokar Makamai ta 1959 ta ɗaure gyaran bindiga da izini, saboda haka ka kai ta wajen mai gyaran da hukuma ta amince da shi, ka nuna masa wannan bayani.

Kada a mayar maka da ita ba a duba allurar ba. A cire sakata, a tura allurar gaba iyakarta, a gitta miƙaƙƙen ƙarfe a goshin sakatar. In bakin allura ya taɓa shi, ta yi tsawo, ko kafaɗar da ke tsayar da ita ta cinye. A sauya ta. Kada a fiƙe bakinta ya yi tsini, huda leɓe za ta yi.

Tambaya: Na ji an ce sababbin bindigogin .22 ba ruwansu da wannan matsala. Gaskiya ne? Daga wata mai koyon wasan harbi.

Amsa: Wasu ne, 'yar'uwa, ba duka ba. Ruger 10/22, alal misali, tana da 'yar ƙusa da ta gitta cikin sakata tana tsayar da allura kafin ta kai ga bututu. Amma in ƙusar ta lanƙwashe, ko aka manta da ita wajen haɗawa bayan wanki, ɓarnar za ta iya faruwa. Ki karanta littafin da ya zo da bindigarki. In bai faɗa ƙarara cewa an yarda ba, ki ɗauka an hana.

Gwajin hannu babu harsashi yana da amfani sosai ga mai koyo, ba mu ce a daina ba. A dai sa wa allura abin da za ta buga. Akwai harsasan roba da ake sayarwa don haka. Kwanson da aka riga aka harba a bindigar ma yana yi, muddin ana juya shi bayan kowane bugu biyu ko uku don allura ta samu sabon waje, a jefar da shi in leɓen ya zagayu. Kowanne za ki yi amfani da shi, ki fitar da harsasai masu rai daga ɗakin gaba ɗaya kafin ki fara, domin a hannu kwanso da harsashi ba su da wuyar rikicewa.