Garin bakin teku mai tarihi a Ghana: Elmina

Ɗan'uwa, ka tambaya wane garin bakin teku mai tarihi ya kamata ka leƙa idan ka je Ghana hutu. Ni dai Elmina zan ce maka. Tana yamma da birnin Cape Coast, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba a mota.

Turawan Fotugal ne suka gina katafaren sansanin da ke bakin ruwan a 1482, da farko don cinikin zinariya, daga baya ya koma wurin tsare bayi. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, kuma tun 1979 yana cikin wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka shiga kurkukun da ke ƙasa, inda ake cunkusa mutane cikin duhu ba iska, alhali gwamna yana kwance a bene yana shan iskar teku. Akwai wata 'yar siririyar ƙofa da ake fitar da bayi zuwa jirgi, mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka. Wallahi duk mai imani sai jikinsa ya yi sanyi a wurin.

Da ka fito, ka tsaya a kan gadar tafkin Benya da sassafe. Kwale-kwalen masunta masu fenti kala-kala sun cika tafkin, mata na sauke kifi a manyan robobi, ƙamshin kifin banda ya cika ko'ina. Sai dai kada ka zaɓi Talata, masunta ba sa shiga teku ranar. In kuma ka iso Talatar farko ta watan Yuli, za ka tarar da bikin Bakatue, na buɗe kakar kamun kifi.