Tambaya da Amsa: Ƙanena ya ce a gem ya koyi tarihin Sarauniya Amina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma ina buga gem, amma abin da ƙanena ya yi ya tayar min da hankali. Yana aji biyar na sakandare a nan Zariya, ya kamu da gem ɗin yaƙi mai suna Age of Empires III, kullum Hausawa yake ɗauka. Rannan ya yi wa malaminsu na tarihi gardama a aji, wai Kano ce fadar Sarauniya Amina, tunda haka yake a gem, kuma masu gem ɗin sun yi bincike. Shin da gaske ake bin zamanin da aka ɗora wasa a kai, ko ado ne kawai? In raba shi da gem ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka raba shi da shi, amma hankalinka bai tashi a banza ba.

Zamanin da aka zaɓa shi ke yanke abin da yatsunka za su yi a kan pad. Kamfani ɗaya ne, Rockstar, ya yi GTA V da Red Dead Redemption 2. A na farko kana tafka ɓarna 'yan sanda sun iso, har da jirgi mai saukar ungulu. Na biyun an ɗora shi a 1899, babu waya a aljihun kowa, don haka wanda ya ga ka yi laifi sai ya ruga da ƙafa ya kai rahoto, kai kuma kana iya sukuwa ka tare shi kafin ya isa. Shekarar ce ta haifi wannan dokar wasan. A Kingdom Come: Deliverance, wanda ke ƙasar Bohemiya a 1403, ɗan maƙeri kake, ba ka iya karatu ba, in ka buɗe littafi haruffan a hargitse suke har sai ka je an koya maka. Da aka kai Assassin's Creed birnin Landan na 1868, tituna sun yi faɗi, gine-gine sun yi tsawo, tsallen soro zuwa soro ya gagara, dole aka ƙirƙiro wa jarumin igiya mai ƙugiya da yake harbawa.

To riƙe wannan igiyar, don a nan maganata take. Kusan kullum sai na ji wannan magana ta ƙaninka daga bakin wani: "ai sun yi bincike." Sun yi, babu musu, wasu kamfanonin har masana tarihi suke ɗauka aiki. Amma mai tsara wasa ba jarrabawa yake rubutawa ba. Duk inda zamani ya taimaki daɗin wasa zai bi shi sau da ƙafa, duk inda ya tare masa hanya zai lanƙwasa shi, kuma babu wata alama da za ta fito a allo ta gaya maka a nan aka lanƙwasa. Haɗarin ke nan. Ana gyara ɗinkin riga da zanen ƙofa har ka saki jiki, sannan ka haɗiye sauran ba tauna.

Battlefield 1 yaƙin duniya na farko ne, inda yawancin sojoji ke riƙe da bindiga mai harbi ɗaya sai an sake ɗana ta. Da an bar shi haka, da 'yan wasa sun gudu. Sai aka cika hannun kowa da masu aman wuta, ciki har da Hellriegel, bindigar da ba ta wuce gwaji ba, wadda hotuna kaɗan ne kawai shaidar an taɓa ƙera ta. Ghost of Tsushima yana 1274, lokacin da Mongol suka auka wa Japan, amma sulken da irin waƙen haiku da jarumin ke yi na ƙarnonin da suka biyo baya ne, kuma masu wasan ba su ɓoye ba, sun san surar da mutane ke so su gani. A Age of Empires II an ba Mali mayaƙa mata masu suna Gbeto, alhali daga Dahomey aka aro su, wata ƙasa daban, wani zamani daban.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na cocin Notre-Dame da ke birnin Paris. Tun da ta kama wuta a Afrilun 2019 ake yawo da labarin wai da Assassin's Creed Unity aka sake gina ta. Har yau masu riƙe waya suna fuskantar kyamara a TikTok suna maimaitawa, da murya irin ta wanda ya halarci wurin. Ƙarya ce. Ubisoft, kamfanin da ya yi wasan, ya ba da gudunmawar Yuro 500,000, ya kuma saki wasan kyauta na mako guda, shi ke nan. Cocin da ke cikin wasan ma an sassauya ta don ta yi daɗin hawa, har an ɗora mata dogon tsinin da mai zanen gini Viollet-le-Duc ya gina a tsakiyar ƙarni na 19, shekaru kusan 70 bayan juyin juya halin Faransa na 1789, wanda a zamaninsa aka ɗora wasan. An saka shi ne don da shi mutane suka san ginin. In wurin da ke tsaye, mai dubban hotuna, an yi masa haka, me kake tsammani game da Bagadazan Abbasiyawa ta wasan Assassin's Creed Mirage, wadda zagayayyen birninta bai bar gini a tsaye ba?

Yanzu mu dawo gida. An ƙara Hausawa a Age of Empires III a 2021, cikin ƙarin da ake kira The African Royals, kuma ni na ji daɗin ganin mahayan lifidi a allo. Amma tsarin wasan yana son kowace al'umma ta zo da shugaba ɗaya da babban birni ɗaya. Ƙasar Hausa kuwa ba ta taɓa zama haka ba kafin jihadi: Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, kowa da sarkinsa, suna ciniki suna kuma gwabzawa. Sai aka ɗauko sunan da ya fi fice, Amina, aka haɗa da birnin da ya fi fice, Kano, aka ɗaura musu auren dole. Amina ta Zazzau ce. Ko a lokacin da ta rayu masana ba su haɗu ba: littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, wasu kuma suna kai ta ƙarni na 16. Wasan da ke dunƙule ɗaruruwan shekaru cikin fafatawar da ba ta kai awa guda ba, ina ya ga sararin wannan saɓani? A wurinsa Amina da mutanen Shehu na 1804 duk 'yan tawaga ɗaya ne.

Abin haushi, yaro a Zariya, ganuwa na kallonsa kullum, Turunku, tsohuwar fadar Zazzau, ba nisa, amma sai wani a ƙetare ya saka masa Amina a allo kafin ya damu da ita. Laifin nan namu ne da muka taɓa cire tarihi daga manhajar ƙananan makarantu na tsawon shekaru, ba na gem ba.

Ka zauna ku buga tare. Duk abin da ya ce "haka yake a gem," ka tambaye shi me masu wasan za su rasa da sun bar shi yadda ya faru. Ka sa shi ya nemo inda Tarihin Kano ya yi maganar lifidi da Sarki Kanajeji, ya kwatanta da mahayin da yake turawa yaƙi. Amma kafin duk wannan, gobe da safe ya je ya ba malaminsa haƙuri.