Tambaya da Amsa: Kayan Kwalliya Daga Rezin da Kayan Cikin Agogo

Wasiƙun wannan makon duk a kan sitimfank suke, wato salon adon nan da ke kwaikwayon zamanin injin tururi, lokacin mulkin Sarauniya Biktoriya ta Ingila daga 1837 zuwa 1901: tagulla, kusoshi, tayoyi masu haƙora. Sunan ya fito ne a 1987 daga wajen marubutan ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka, daga baya masu sana'ar hannu suka ɗauke shi. Masu yin abin wuya, 'yan kunne da zobba ta hanyar binne kayan cikin agogo a rezin, wato ruwan roba da ke daskarewa ya zama garau kamar gilashi, su ne suka aiko da tambayoyin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na buɗe agoguna uku da suka lalace, amma ban samu tayoyin da nake gani a hotuna ba, sai batir da 'yan robobi. Wane irin agogo zan nema?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Agogo mai batir ka buɗe. Tun da kamfanin Seiko ya fito da irinsa na farko na ɗaurawa a hannu a 1969, shi ya mamaye kasuwa, kuma cikinsa ba shi da abin da za ka yi ado da shi. Agogo mai wani za ka nema, wanda ake murɗa kansa kafin ya yi aiki, ko wanda motsin hannu ke wana shi. A cikin guda ɗaya za ka samu tayoyin tagulla masu haƙora, tayar nan mai lilo da siririn sifirin kamar gashi, ƙananan sukurori, da jajayen duwatsu. Yawanci duwatsun 17 ne, yaƙutu ne na masana'anta, an sa su don rage gogayya. Ba su da tsada, amma a cikin rezin babu abin da ya kai su ɗaukar ido.

Kafin ka kwance sukuru ko ɗaya, ka sauke ƙarfin babban sifirin. Riƙe kan wanin da yatsu biyu, ka ɗan murɗa shi kamar za ka wana, ka ture ɗan ƙarfen da ke tokare tayar wanin da tsinke, sannan ka bar kan ya riƙa juyawa a hankali tsakanin yatsunka har ya tsaya. In ba ka yi haka ba, kana ɗaga gadar da ke danne tayoyin za su tarwatse, haƙoransu su karye. Shi kuma ɗan gwangwanin da babban sifirin ke naɗe a ciki, a cikin farar leda ake buɗe shi, da tabarau a ido, domin yakan yi tsalle da ƙarfi kuma gefensa na yanka. Ka yi aikin a kan farin faranti mai baki, da hantsaki. Idan agogon da ka samu mai gyara zai iya tayar da shi, mu dai shawararmu ka bar shi ya ci gaba da aikinsa. Matattu sun isa.

TAMBAYA: Na zuba rezin a ɗan kaskon abin wuya, na jefa tayoyi a ciki. Da safe sai na tarar duk sun nutse sun taru waje guda, kuma kowace taya da kumfa a haƙoranta. Me na yi ba daidai ba?

AMSA: 'Yar'uwa, zubi ɗaya kika yi, aikin nan kuwa hawa-hawa ake yin sa. Tagulla ta fi rezin nauyi kusan ninki takwas, don haka dole ta nutse, kuma muddin rezin na ruwa ne za ta zame zuwa inda kaskon ya karkata.

Da farko ki zuba shimfiɗa siririya, kamar milimita ɗaya, wadda za ta rufe gindin kaskon kawai. In kina son launi a baya, baƙi ko ruwan ƙasa, a wannan hawan ake sa shi. Ki bar shi ya yi kauri. A mafi yawan rezin mai kwalba biyu, wato wanda sai an haɗa ruwan rezin da na daskarwa, wannan yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida, gwargwadon ɗumin ɗakin. Ki taɓa ragowar da ke cikin kofi da tsinken sakace: idan tsinken ya kama yana jan zare amma wurin bai malale ya rufe ba, lokaci ya yi. Sai ki jera manyan tayoyin a kai, su zauna inda kika ajiye su. Ki zuba hawa na biyu ya rufe su, ki sake jira, sannan ki ɗora ƙananan: hannayen agogo, sukurori, duwatsu. Wannan tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ita ke sa mai kallo ya ga kamar injin yana da zurfi. Kada ki bari hawan ƙasa ya bushe ƙarau kafin ki ƙara wani. In ya wuce kwana guda, ki ɗan goge shi da samfefa mai laushi don sabon ya samu abin kamawa.

Idan da mazubin silikon kike aiki, lissafin ya juya, domin gindin mazubin shi ne fuskar abin wuyan. Ƙananan kaya ne za su fara shiga, a kife, manya su biyo baya, launin bango ya zo ƙarshe.

Ita kumfa, iska ce da ke maƙale a tsakanin haƙora da ramukan taya. Kafin ki sa kowace taya, ki tsoma ta a ɗan rezin ki shafe ta da tsinke gaba da baya, kuma ki shigar da ita a karkace, gefe ɗaya ya fara taɓawa, don iskar da ke ƙasa ta samu hanyar fita. Idan rezin ya yi kauri saboda sanyi, ki sa kwalaben a rufe cikin ruwa mai ɗumi na minti goma, ki goge su tas kafin ki buɗe. In kin haɗa su, ki riƙa juyawa a hankali, ba bugawa ba, ki bar haɗin ya huta minti uku zuwa biyar. Kumfar da ta taso sama, wucewa ɗaya da laita mai dogon baki ta isa ta fasa ta. Kada harshen wutar ya tsaya wuri guda, yana ƙona rezin kuma yana manne shi da mazubi. Wadda ta maƙale a ƙarƙashin taya kuwa wuta ba ta kai mata, da tsinke za ki jawo ta. Ki dawo ki duba bayan minti goma, ki sake dubawa bayan rabin awa, domin wasu sai daga baya suke tasowa.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma muna ganin sa a aikin masu farawa: cika kasko da tayoyi har babu wurin numfashi. Taya uku ko huɗu da haƙoransu ke shiga juna, kamar da gaske za su juya, sun fi tari ashirin kyau.

Hawan ƙarshe shi ne mai tudu. Ki ɗiga rezin a tsakiya, ki ja shi da tsinke zuwa baki, ki tsaya da zarar ya kai. Ɗigo ɗaya na ƙari ya isa ya tsiyaye ta gefe. Teburin ya zama a daidaice, ki kife kwali a kai saboda ƙura.

TAMBAYA: Kwana uku ke nan, abin da na zuba yana nan da danƙo.

AMSA: Malam, kusan kullum awo ne ko juyi. Rezin mai kwalba biyu ba bushewa yake yi kamar fenti ba, haɗuwar sinadaran biyu ce ke daskarar da shi, don haka ƙara na daskarwa ba ya hanzarta komai, ɓata haɗin yake yi. Ka karanta jikin kwalba: wani ɗaya da ɗaya ne, wani biyu da ɗaya, kuma wani da kofi ake auna shi, wani da sikeli. Sinadaran biyu ba nauyinsu ɗaya ba, kada ka musanya wannan awon da wancan.

Matsalar masu ƙananan kaya ita ce kasko mai faɗin milimita 25 da zurfin milimita 2 bai wuce mililita ɗaya yake ci ba. A haɗi ƙanƙani irin wannan, kuskuren ɗigo biyu babba ne. Ka auna da sirinji, kowace kwalba da nata, ka haɗa aƙalla mililita 10, ka tanadi kasko da yawa ka cika su tare. Ka juya minti uku cikakku kana kankare gefe da gindin kofi, ka juye a wani kofin mai tsabta ka ƙara minti ɗaya. Launi kada ya wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari na haɗin. Ɗumin da ya fi dacewa digiri 21 zuwa 25 ne. Sanyi na jinkirta daskarewa, zafi kuma na rage lokacin da za ka yi aiki kafin ya kama.

Wanda ke hannunka, ka kai shi wuri mai ɗumi ya ƙara kwana ɗaya. In ya yi tauri sai ɗan danƙo a sama, sabon shafi mai kyakkyawan awo zai rufe shi. In har yana lotsawa, ka kwashe shi, ka wanke tayoyin da asiton, sinadarin nan na goge fentin farce, ka sake daga farko.

TAMBAYA: Ni da rezin na fitila nake aiki. Saman ya yi tauri, amma bayan mako guda wani ruwa ya fara fitowa ta gefen abin wuyan.

AMSA: Wannan rezin, 'yar'uwa, sai inda hasken fitilar UV, wani haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, ya taɓa yake daskarewa, ƙarfe kuwa ba ya barin haske ya ratsa shi. Duk abin da ke ƙarƙashin taya yana cikin inuwa, ya zauna ɗanye. Kada kowane hawa ya wuce milimita biyu, ki ba shi minti biyu zuwa uku a fitila. Ki daskarar da shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya tukuna, ki manna taya a kai da ɗan shafi kaɗan, ki haska ta kowane gefe a karkace. Firam marar gindi ya fi dacewa da wannan rezin: ki manna shi a kan salatif mai faɗi, ki danne sosai don kada ya zurara, in kin gama ki ɓare salatif ɗin ki haska ta baya. Idan kaskon mai gindin ƙarfe ne, ko za ki sa baƙin launi mai duhu, mai kwalba biyu ya fi aminci. Wanda ya riga ya fara tsiyaya kada a sa shi a jiki, ɗanyen rezin ne ke taɓa fata.

TAMBAYA: Me ke kawo hazo da tsatsa a jikin tayoyi bayan an gama?

AMSA: Mai da damshi. Kowane agogo an sa masa mai, kuma rezin ba ya kama wurin da ke da maiƙo, sai ya bar wani farin hazo kewaye da ƙarfen. A jiƙa kayan cikin sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye na minti biyar, a goge da ƙaramin buroshi, a baza su bushe sarai, daga nan sai da hantsaki za a taɓa su. Ɗan ƙarfen nan mai kama da anga wanda ke da jajayen duwatsu biyu a baki, a tsoma shi a cire nan take, domin da wani ƙaro aka manna duwatsun kuma sifirit na narkar da shi. In za a sa takarda a bango, tsohuwar taswira ko rubutu, a shafe ta da farin gam sau biyu ko uku har gefunanta, ta bushe. In ba haka ba rezin zai jiƙa ta ta yi tabo. Komawa rawaya kuwa aikin hasken rana ne. Rezin da aka rubuta yana jure UV yana jinkirta hakan, ajiya a akwati kuma na ƙara masa kwana.

TAMBAYA: An ba ni wani tsohon agogo, lambobinsa da hannayensa da wani fenti ruwan ƙasa mai ɓarɓashi. In kankare shi?

AMSA: Don Allah, ɗan'uwa, kada ka kankare, kada ma ka buɗe gilashin. Daga wajajen 1910 zuwa shekarun 1960 ana yi wa agoguna fenti mai sinadarin radiyom don su haska da dare. Shi ne ya hallaka mata da dama masu fentin fuskar agogo a Amurka a shekarun 1920. Fentin kan daina haske idan ya tsufa, amma radiyom ɗin yana nan, sai ya shekara kusan 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Haɗarin yana cikin shaƙa ko haɗiye ƙurarsa, kuma rezin ba ya tare duk tururin da yake fitarwa. Ido ba ya tantance shi, sai na'urar auna tururin nukiliya. Ka sa agogon a leda ka ɗaure, ka wanke hannu, ka ajiye shi nesa da yara da wurin kwana, ka nemi hukumar da ke kula da irin waɗannan sinadarai ta gaya maka yadda ake zubar da shi.

TAMBAYA: Tun da na fara wannan sana'a yatsuna ke ƙaiƙayi suna ƙuraje. Sannan ƙugiyar da nake rataye abin wuyan da ita tana yawan fita.

AMSA: Hajiya, ki dakata da aikin ki ga likita. Ɗanyen rezin na sa fata ta tsane shi a hankali, kuma in abin ya kama mutum ba ya cika saki. In za ki koma, ki sa safar hannu ta naitiril, ki buɗe tagogi, kuma in ya taɓa ki ki wanke da ruwa da sabulu, ba da sifirit ko asiton ba, domin su suna taimaka masa ya ratsa fata. Ki kuma duba sarƙa da ƙugiyar 'yan kunne: masu sinadarin nikel na jawo wa mutane da yawa irin wannan ƙaiƙayin.

Batun ƙugiya, ki jira awa 72 rezin ya gama tauri. Ki huda da bakin mahuji na milimita ɗaya, zurfin milimita huɗu zuwa biyar, a wurin da babu taya a ƙasa. Ki tsoma ƙugiya mai zaren sukuru a sabon rezin, ki murɗa ta ciki, ki bar ta ta kwana. 'Yar zoben da ke haɗa ta da sarƙa, gefe da gefe ake murɗe ta da filaya biyu, ba a wage bakinta. Gefen da ya yi kaifi kuma ki goge shi a cikin ruwa don kada ƙurar ta tashi, daga samfefa mai lamba 400 zuwa 800, 1,200 har 2,000, sannan ki bi wurin da siririn shafin rezin ya dawo da sheƙinsa.