Wata tara bayan aikin haɗa ƙashin wuya, me ya sa ciwon bai tafi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mai ɗinkin babbar riga ne a cikin birnin Zariya, shekarata 52. Wata tara ke nan da aka yi mini aiki a wuya ta gaba, aka cire faifai biyu, aka sa ƙarfe. A takardar sallama an rubuta C5-C6 da C6-C7. Azabar da ke sauka hannuna na dama ta tafi, alhamdu lillahi. Amma ƙeyata da tsakanin allunan kafaɗata ciwo suke kullum, musamman in na zauna ɗinki ko na hau babur. Babban yatsa da manuni har yau kamar ba nawa ba. Wani lokaci tuwo yakan tsaya mini a wuya. Ina shan tiramadol da dikulofenak daga kemis, kuma ba zan ɓoye ba, na koma shan sigari. Wasu na cewa in je wurin mai ɗori, wasu na cewa ƙarfen ne bai karɓe ni ba, gara a cire shi. Aikin ya lalace ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na gode da ka faɗi maganar sigari ba tare da an tambaye ka ba, domin ita ce ta fi ɗaga mini hankali a duk wasiƙar.

Abin da kake kira ciwo ɗaya, a bayanin da ka yi na ga abubuwa daban-daban har uku: ciwon ƙeya da kafaɗa, mutuwar yatsu, da tsayawar abinci. Kowanne tushensa daban, maganinsa daban. Wanda ya dunƙule su ya ce "aiki ya lalace" zai yi ta haɗiyar ƙwayoyi ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu fara da abin da aka yi maka. Ƙasusuwan wuya guda bakwai ne, a jere, ana kiransu C1 zuwa C7 daga sama zuwa ƙasa, tsakanin mafi yawansu akwai faifai mai taushi da ke ɗaukar nauyi. In faifan ya fashe ko ya zube, sai ya danne jijiyar da ke fita zuwa hannu, ko ma lakar kanta. Likita yakan shiga ta gaban wuya, ya matsar da maƙogwaro da hanyar abinci gefe, ya cire faifan, ya cusa guntun ƙashi ko ɗan keji mai ɗauke da ƙashi a gurbin, sannan ya ɗaure da farantin ƙarfe da ƙusoshi. Aiki ne da ya daɗe. Likitocin Amurka Robinson da Smith da kuma Cloward ne suka bayyana shi tun shekarun 1950. Babbar manufarsa ita ce a ɗaga wa jijiya nauyi, shi ya sa ciwon hannu ya fi ciwon wuya jin wannan aiki. Tafiyar azabar hannunka shaida ce cewa wannan manufar ta cika.

Ƙarfen kuwa ba shi ne ke haɗa wuyan ba. Ka ɗauke shi kamar katakon da magini ke tokare rufin kankare da shi kafin siminti ya kama. Jikinka ne zai gina sabon ƙashi ya ratsa gurbin faifan har ƙasusuwan su zama dunƙule ɗaya, kuma wannan yakan ci wata uku zuwa shida, wani lokaci ya kai shekara ko ya zarce. In ƙashin ya ƙi kamawa, sai ɗan motsi ya rage a wurin, ƙusoshi su riƙa ɗaukar nauyin da bai kamata su daɗe suna ɗauka ba. Alamarsa sau da yawa ita ce mutum ya sami sauƙi a farkon watanni, sannan ciwon wuya ya dawo, yana ƙaruwa da jijjiga da sunkuyo, yana lafawa in an kwanta. Rashin kamawar ya fi faruwa ga wanda aka yi wa gurbi biyu ko uku fiye da mai gurbi ɗaya, da mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan taba. Abu biyu daga ciki suna wasiƙarka.

Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, sabon ƙashi kuwa da jini yake rayuwa. Wannan ya haɗa da shisha da taba gari ta shaƙa ko ta leɓe. Malam, don Allah ka daina, yau ba gobe ba. A wata tara ƙofa ba ta rufe ba, ƙashin da ke jan ƙafa yana iya kamawa in an sakar masa jini. Na sha ganin mutum ya sayar da gona ya biya kuɗin wannan aiki, sannan karan sigari ya mayar da shi ɗakin tiyata, abin yana mini zafi ƙwarai.

Hoto ne ke raba gardama a nan. Ana ɗaukar hoton ƙashi kala biyu, ɗaya ka sunkuyar da kai, ɗaya ka ɗaga, a auna ko wurin na motsi. Hoton CT ya fi nuna ko gadar ƙashi ta ratsa. MRI kuma laka da jijiyoyi yake nunawa, ana buƙatarsa in ciwon hannu ya dawo ko ƙarfi na raguwa. Yawancin ƙarafan yanzu na titaniyom ne, ana shiga injin MRI da su, amma ka sanar da ma'aikatan kafin a shigar da kai. Ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin ka tambaye shi kai tsaye: ƙashin ya kama ko bai kama ba? In komawar ta yi wuya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da kai, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

To in hoto ya nuna ya kama tsaf, daga ina ciwon yake? Galibi daga tsoka da ƙananan gaɓoɓin bayan wuya, kuma a nan sana'arka ta shigo. Kan babban mutum ya kai wajen kilo biyar. In yana zaune daidai bisa kafaɗa, ƙashi ne ke ɗauke da shi. Da zarar ka sunkuya kan aska takwas kana bin zare, tsokar ƙeya da ta tsakanin allunan kafaɗa ce ke riƙe da shi kamar igiya, awa bayan awa. Wannan tsoka ta riga ta yi rauni tun watannin da ka yi kana jinya, ta ƙara saki a makonnin da ka yi da kwalar wuya. Sai ka koma mata da aikin da ta saba yi tana da lafiya. Ciwon irin wannan yakan zo da nauyi da zugi, ya tsananta da yamma, ya ƙaru lokacin hunturu, kuma in ka danna wurin za ka ji ƙulli mai zafi. Maganinsa yana sashen gashin ƙashi: motsa jiki da aka tsara don ƙarfafa tsokar cikin wuya da ta kafaɗa, ana yi kullum a gida har tsawon watanni. Gashi da wuta yana sanyaya ciwo na ɗan lokaci, amma motsa jikin ne ke gyara. Mutane da yawa sukan je sau biyu, su ji ba a yi musu allura ba, su ce ba a yi komai ba. Kada ka shiga cikinsu.

Ban ce ka bar ɗinki ba. Ka ɗaga aikin ya zo wurin idonka. Ka bar zaman tabarma da riga a cinya, ka sami kujera mai jingina da tebur mai ɗan tudu, ka zauna inda haske ya wadata, in ido ya fara gajiya ka yi gilashi, domin wanda ba ya gani sosai shi ya fi dulmuya kai. Duk bayan minti ashirin ko talatin ka miƙe ka taka. Babur a hanya mai gargada ka rage shi iya iyawarka har a tabbatar ƙashin ya kama, kaya a ka kuwa, ko da gammo, a'a. Filo ya zama wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa kawai, ba biyu a kan juna ba. In kwala na nan kana ɗaurawa ba da umarnin likita ba, ka tambaya a yaye ka daga ita, don tana ƙara kashe tsoka. Wajen salla, in sujada na tayar da ciwon sosai ka yi a zaune, malamai sun yi bayanin wannan sauƙin. Juya kai don sallama ba zai ɓalle komai ba. Kusan rabin juyawar wuya a tsakanin ƙashi na ɗaya da na biyu take, can sama da inda aka yi maka aiki.

Yatsu kuma. Jijiyar da ke fita tsakanin C5 da C6 ita ke kai ji zuwa babban yatsa da manuni, daidai inda ka ambata. Jijiyar da ta daɗe a danne takan saki ciwo da wuri, ƙarfi ya biyo baya, ji ya zo a ƙarshe. Inda ta lalace har sai ta sake tofo, tafiyarta kusan milimita ɗaya ce a rana, ka auna daga wuya zuwa kan yatsa. Ana iya ci gaba da samun sauƙi har shekara ɗaya zuwa biyu, kuma gaskiya wasu sukan zauna da ɗan saura har abada, musamman waɗanda suka daɗe kafin a yi aikin. Sai dai ga mai riƙe allura shekara da shekaru akwai wani abin dubawa: jijiya na iya matsewa a wuyan hannu, ta kashe waɗannan yatsun har da na tsakiya, ta tashe ka cikin dare kana yarfe hannu. Akwai gwajin jijiya da ake yi da ɗan lantarki mai nuna inda matsewar take. A duba sugan jininka ma.

Tsayawar tuwo ta zama ruwan dare a makonnin farko saboda matsar da hanyar abinci da aka yi, kuma ga mafi yawa takan wuce cikin watanni. Tunda taka ta kai wata tara, a duba ko faranti da ƙusoshi na zaune daram, in ya kama likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa. Kafin nan ka yi ƙananan loma, miya ta wadata, ka ci a zaune tsaye.

Batun mai ɗori ba na sassautawa. Wuyan da ke da ƙusoshi a gaban laka ba a ja, ba a murɗawa, ba a ƙwanƙwasa shi. Laka ba ƙashin ƙafa ba ce. In ta ji rauni mutum na iya rasa hannu da ƙafa gaba ɗaya. Ƙaho da tsaga a kusa da wurin aiki ma a bar su. Cire ƙarfen kuwa, titaniyom da wuya jiki ya ƙi shi. Ana cirewa ne in ƙusa ta kwance, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko faranti na tokare hanyar abinci. A buɗe wuya karo na biyu ta cikin tabo haka kawai, kusa da jijiyar murya, garin neman gira ne a rasa ido.

Magungunan kemis ɗin nan ka kai wa likita su a leda ya gani. Dikulofenak na wata da watanni yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, kuma likitoci da yawa sukan hana shi a farkon watannin aiki don gudun ya rage kamawar ƙashi. Tiramadol jiki yana sabawa da shi, har ya zama in ba a sha ba gaɓoɓi su yi ta ciwo, mutum ya ɗauka wuyan ne. Kada ka yanke shi dare ɗaya, a rage maka a hankali. Ka guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa ba suna, don sau da yawa akwai dekisametason a ciki, mai cinye ƙashi yana ɗaga suga. Zafin jijiya yana da nasa magungunan, irin su firegabalin da amitiriftilin, amma shan amitiriftilin tare da tiramadol na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, don haka likita ne zai tsara. A abinci ka yawaita nono da kindirmo, ƙwai, wake, zogale da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, ka kuma sha hantsi.

Za ka ji ana cewa in an haɗa gurbi ɗaya, na kusa da shi yakan gaji. Akwai ƙamshin gaskiya. Binciken da Hilibrand da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1999 ya gano kusan mutum 3 cikin 100 a kowace shekara suna samun sabuwar matsala a gurbin maƙwabtaka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu a shekara goma. Abu ne na shekaru, wani ɓangarensa ma tsufa ne kawai, ba shi nake fara zargi a wata tara ba.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. In allura ko kofi suka fara suɓuce maka, ko maɓallin riga ya gagare ka, ko kana tangaɗi a tafiya, ko fitsari da bayan gida suka fara ƙwacewa ko suka ƙi fita, ko kana jin kamar lantarki na tsarga bayanka in ka sunkuya, to laka ce ke kuka, ka tafi asibiti a ranar. Haka in zazzaɓi ya zo da kumburin wuya, ko tabo na fitar da ruwa, ko numfashi na wahala. Rama da zufan dare tare da ciwon da ba ya barin barci su ma a faɗa wa likita, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya a ƙasarmu.

Ko da hoto ya nuna bai kama ba, ba lallai a sake aiki nan take ba. In ƙusoshi na nan daram kuma ba rauni a hannu, ana iya ba ka wasu watanni bayan ka bar taba a sake ɗauka. In har sai an gyara, sau da yawa ta bayan wuya ake shiga a ƙara ɗauri, kuma wannan hanya tana kamawa sosai. Ranar da za ka je, ka tafi da takardar sallama, da duk hotunan kafin aiki da na bayansa, da ledar magunguna. Ka yi mako ɗaya kana rubuta lokacin da ciwon ke tashi da abin da kake yi a lokacin, ka kai wa likitan takardar.