Amsa: Me ya hana batirin haidirojin zuwa gonakinmu?

Malam, ka tambaya me ya sa ba a kawo mana batirin haidirojin ya maye gurbin injin ban-ruwa a Kadawa ba, tunda fetur ya gagare mu. Ni ma abin na cina a rai, don bana rabin kuɗin tumatirina a fetur ya tafi.

Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1839 wani masani, William Grove, ya gwada ta a Birtaniya. Haidirojin ne ke haɗuwa da iskar oksijin, lantarki ya fito, a maimakon hayaƙi sai ruwa. Gizo yana saƙar ne a kayan cikinsa. Ƙarfen da ke zuga wannan haɗuwar sunansa filatinam, mai tsadar gaske, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Ƙazanta kaɗan a cikin haidirojin sai ta toshe shi. Shi ya sa masana suka duƙufa wajen rage yawan filatinam ɗin, wasu na gwada ƙarfe da gawayi a madadinsa, sai dai har yanzu waɗannan ba sa jure dogon aiki.

Sannan akwai wata leda siririya a tsakiya, irin su Nafion, wadda sai da danshi take aiki. To ka duba hunturunmu da ke tsaga leɓe da dunduniya, ga ƙura.

Ajiyar iskar haidirojin ma aiki ce: tankin motar Toyota Mirai, mai amfani da haidirojin, da zaren gawayi aka naɗe shi don kada ya fashe. Ni dai a yanzu famfon sola nake tara wa kuɗi.